Rubu’in Juyi

Tukwane biyar a jere a matatar rake ta Pernambuko,
kowacce ta fi gidanmu tsawo.
Ta fari ce kaɗai ke cin tururin wuta,
sauran numfashin juna suke sha,
ta biyu daga ta fari, ta uku daga ta biyu,
har ta biyar, wadda aka zuƙe wa iska,
tana tafasa da ɗumin da bai isa dafa ƙwai ba.

Valdomiro ya shekara talatin da ɗaya a nan.
Kunnensa na hagu ya mutu tun ba a haife ni ba.
Na daman yakan manna wa sandar ƙarfe,
ya ɗora bakinta kan bututu, ya lumshe ido
kamar mai sauraron cikin matarsa.

Ƙarfe uku saura kwata, injin matsa ya shaƙe.
Ruwan rake ya janye daga tukunyar fari,
allurar agogo ta soma hawa,
ta wuce baƙin layi, tana leƙen ja.
Bututu ya buga sau biyu, kamar mai sallama da guduma.
Na kai hannu biyu kan bawul, zan murɗe shi duka.

“Edileuza.” Bai ɗaga murya ba.
“Rubu’in juyi. Ƙirga ashirin. Ƙara rubu’i.
Tururi ba a yi masa tsawa.
Kika toshe masa baki nan, zai je ya yi magana wani wuri.
Kika sake shi, ya ƙone zaƙin,
ya bar miki ƙanzon kwana biyu kina kankara.”

Na ƙirga. A sha bakwai na ɓata, na koma farko.
Allura ta tsaya, ta yi shawara,
ta sauko kamar tsohuwa a matakala.
Ta biyu ta ji labari bayan minti huɗu,
ta biyar sai da gahawata ta huce.

Da asuba ruwan ya dawo, tsararo, mai ƙanshin ciyawa,
ya fito can ƙarshe da kauri, ja kamar zuma.
Ya ɗiga a babban yatsa, ya murza, ya gyaɗa kai.

Kakar nan ce tasa ta ƙarshe.
Sandar ya jingine jikin kabad ɗina, bai ce uffan ba.
Jiya na manna mata kunne.
Ruri kawai na ji tukuna,
da bugun jinina.