Gwoggo Mai Cin Kwal

A bayan Loko, can Sabon Gari,
inda tsofaffin taragu ke tsatsa cikin ciyawa,
nan kakana Barau ya ƙare kwanakinsa
yana gyaran risho da fitilar ƙwai.
Baƙin kwal na kwance a tsagar tafinsa,
shekara arba'in sabulun salo bai fitar da shi ba.

Bai iya iyo ba.
Ko Kubanni ce ta kawo, sai ya zagaya ta gada.
Amma shi ne ya yi shekara uku a kan teku.

Shebur ne ya kai shi.
Yana ciyar da wutar jirgin ƙasa
aka ce a Ikko ana neman masu jure zafi.
Wuta ai wuta ce, in ji shi,
ko a kan dogo ko a kan ruwa, cikinta ɗaya.

Jirgin da aka ba su ba don yaƙi aka ƙera shi ba.
Na masunta ne, daga wata ƙasa
inda ruwa ke daskarewa a gemun mutum.
Shekara ashirin yana jan taru
kafin a karɓe tarun, a shafe shi da fenti ruwan toka,
a kafa masa igwa guda a goshi,
kamar an rataya wa tsohuwa takobi.
Sunansa ya ƙi zama a bakin Barau,
sai ya raɗa masa Gwoggo.

Gwoggo na tari da asuba.
Gwoggo ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa.
An wanke cikinta, an zuba harsasai,
amma in rana ta take
ƙarnin kifi sai ya taso daga katako,
tana tuna musu sana'arta ta fari.

Aikin bai sauya ba sosai:
a saki waya a baya, a ja a hankali,
sai dai abin da ake kamawa yanzu
baƙi ne, mai ƙahoni, ba ya shiga miya.
Kyaftin ɗin ma masunci ne, Mai Lofe suke ce masa,
kowace nakiya ta taso sai ya ɗaga hula
kamar ya ga surukinsa.

Barau bai ga ko ɗaya ba.
Yana ƙasa, shi da wani Bakurmi, Okon,
tsirara sai gajeren wando,
suna jin yaƙin ta tafin ƙafa.
Alƙibla kuwa kullum tana yawo,
sai ya kalli inda wuta ba ta, ya kabbarta.

Ran da abokiyar tafiyarsu ta taka nata rabon,
shebur ya yi tsalle daga hannunsa.
Mutum goma sha tara.
An tsamo huɗu da hular wani.
Teku ta cika da kifi, farin ciki sama,
Mai Lofe ya tsaya yana kallo,
bai ce a ɗebo ko ɗaya ba.

Da aka gama, aka ba shi lambar tagulla
da tikitin jirgi zuwa Zariya.
Gwoggo, ya ji an ce, an cire mata igwa,
an mayar mata da tarunta.
Wani kuma ya ce an yanka ta an sayar a kilo.
Ya zaɓi na farkon.

Lambar tana cikin gwangwanin kusoshi har yau.
Abin da na fi tunawa shi ne kasuwa:
in mun zo layin masu banda
sai ya rage tafiya, ya ja numfashi,
ba ya taya ko guda,
ya ce, mu je, yaro,
na gaishe ta.