Sha Ɗaya ga Watan Uku

Shagona taku huɗu ne, a bayan Kasuwar Dole,
tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai sai da ƙanƙara.
Mutari ake ce mini.
A wuyana akwai ƴar kile ja, rataye kamar laya,
cikinta mai gadin na'ura yake kwance,
wanda ban saya ba, ba a kuma ba ni aro ba.

Masu shi suna can inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba.
Jika talatin suka ce a shekara, kuma sai da katin banki.
Ni katin da na sani, na zaɓe ne da na waya.
Sai aka ɗauko mini shi ta katanga,
nake sa shi gadin mutane a jika guda.
An sato kare ke nan
don ya yi wa ɓarayi haushi.

Aibinsa ɗaya, begen gida.
Da ya shaƙi rezo sai ya miƙa wuya
zai gaya wa iyayen gidansa ga shi a Damagaram.
In toshe masa baki.
Kwana talatin suka ba shi na ɗanɗano,
in sun kusa cika, in kama agogon na'ura
in murɗe shi baya.
Ya farka, ya ga wata bai tsufa ba,
ya gyara tsayuwa.

Shi ya sa rabin na'urorin Zango da Birni
ke zaune cikin watan da ya daɗe da mutuwa.
Alhaji Barmu ya zo yana huci, rasit a hannu:
geron jiya, kwanan watan bara waccan.
Na ce, Alhaji, da farashin ma ya bi shi baya
ai da ka ba ni tukuici.
Bai yi dariya ba.

Fassuma ma ba ta yi ba.
Shafi tamanin kan rijiyoyin da suka ƙafe,
wata bakwai tana bugawa
tsakanin ɗaukewar kuran da dawowarsa.
Ran Laraba ta buɗe, ta tarar da tarkacen baƙaƙe,
su ba boko ba, su ba ajami ba.
Can ƙasan allo ga mai gadina, kore shar,
yana cewa lafiya lau.
Bai yi ƙarya ba.
Ɓarayin da ya sani duk sun yi furfura,
wannan kuwa yaro ne,
an haife shi bayan na tsai da rana.

Ba ta zage ni ba, da ya fi mini sauƙi.
Ta dubi kusurwar allo, ta dube ni,
ta ce, Mutari, kai yau nawa ga wata a wurinka?

Sha ɗaya ga watan uku.
Kullum nan nake komawa, yatsuna sun san hanya.
Ranar ce wana Kalla ya nuna mini dabarar,
shayi na tafasa, yana taunar asuwaki,
ya cire kilen daga wuyansa ya rataya mini,
ya ce riƙe, kafin in dawo daga Sabha.
Kashegari da asuba motar Agadas ta tashi.
Lambarsa tana nan.
Wata murya ce ke amsawa da Larabci,
magana ɗaya, shekara uku.

A na'ura ɗari da ƴan kai, cikin garin nan,
Kalla bai ɗaure jakarsa ba tukuna.
Shayin bai huce ba.

Da magariba Fassuma za ta kawo littattafanta na hannu,
masu tabon mai da shatar kofi.
Ita karatu, ni bugu, ba ko dala,
har sai rijiyar ƙarshe ta koma shafinta.
Agogonta na mai da shi yau,
mai gadin ya yi ja, ya ce wa'adinsa ya cika,
na sallame shi.

Tawa na'urar tana can lungu, ƙarƙashin tsumma.
Ita kam a bar ta.