Huhun Ƙarfe

A kasuwar Tawa, layin 'yan kayan mota,
na tsaya gaban Asumana da rana tsaka,
gumi na bin bayana kamar mai bin bashi.

Na ce masa ina da tsohuwar bas
wadda na cire wa kujeru bara,
na sa katifa, da murhun gas,
da akwatin sanyi na allurar shanu.
Cikinta muke kwana daga Abalak har rijiyoyin arewa.
Taya shida gare ta,
kowace sai ta sha iska ta ƙoshi
kafin ta yarda ta ɗauke mu.

Ya miƙo wani ɗan ja, bai fi gwangwanin tumatir ba.
Jikka tara, in ji shi, ramin kunna taba ya ishe shi.
Na juya shi a tafin hannu. Babu nauyi.
Na san irinsa.
Irinsa ne ya yi mini tari a bayan Tabalak,
ya ɗau zafi, ya yi ƙauri, ya mutu kan taya ta biyu.
Zuwera na inuwar mota tana tsintar shinkafa,
ba ta ce uffan ba,
shirun nan har yau yana cikin kunnena.

Ka san rairayi, Asumana.
In za ka shige shi sai ka sace wa taya iska
ta yi laushi, ta baje kamar tafin raƙumi.
In ka hau kwalta kuma
sai ka biya abin da ka sata,
ga shi can babu mai faci,
sai ƙaya, sai hankaka.

Ya dube ni, ya tofar da tsinken sakace,
ya durƙusa ƙarƙashin tebur
ya jawo wani baƙi mai kai biyu,
da wayoyi masu baki irin na kada
waɗanda ke cizon batir kai tsaye.

Na ce, minti nawa yake yi kafin ya nemi hutu?
Ya ce sai ka gaji.
Na ce wannan maganar kasuwa ce.
Tiyon fa, zai kai tayar ciki ta baya,
wadda ke ɓuya bayan 'yar'uwarta?
Agogon da ke goshinsa, yana faɗin gaskiya?

Muka aika yaro garejin Bizo ya aro ma'auni.
Na kwanta a ƙasa da rigata ta Juma'a,
na danna bakin taya da ƙusa,
ta yi dogon tsaki har ta zauna.
Muka haɗa. Na tada mota. Ya kama ruri.
Masu shayi suka matso, wani ya ciro agogo,
allura na hawa a hankali kamar tsohuwa kan tudu,
uku, huɗu, biyar,
ta tsaya daidai inda ta Bizo ta tsaya.
Na ɗora hannu a kansa: ɗumi, irin na goshin mai lafiya.

Jikka hamsin.
Na ce talatin. Ya ce albarka.
Na juya, ya bar ni na kai bakin mai tsire
kafin ya kira sunana.
Arba'in da biyu, da fis guda biyu gyara.

Ina ƙirga kuɗin ina dariya ni kaɗai:
iskar da Allah ya watsa kyauta
ga ni ina sayen mai tura ta cikin roba.

A gida Zuwera ta ɗaga shi da hannu biyu,
ta ce ya fi jikanmu nauyi.
Ta share masa wuri ƙarƙashin katifa,
kusa da buhun gero.
Jibi da asuba za mu kama hanyar Abalak.