Na Kwantar da Besfar Aulis

A Oulu rana ta fara rowa,
huɗu ba ta yi ba ta naɗe tabarmarta.
Da safe na tarar da bokitin ƙofar gida
ya yi ɓawon ƙanƙara,
na ce: Raili, yau ce ranar, ba gobe ba.

Shekara talatin da ɗaya Aulis ke wannan aiki,
ni kuwa nawa kai masa kofi da mita.
Bana kofin ɗaya ne, mitar ba mai ji.
Sai rubutunsa a bayan ƙofar gareji,
da fensirin kafinta,
ya karkace hagu kamar tafiyarsa.

"Tashe ta tukuna, ta ji ɗumi."
Na taka, ta yi shiru. Na taka, ta yi tari.
A na bakwai ta amsa da wannan muryar
da nakan jiyo tun daga kan gada
in ɗora dankali a wuta.

"Baƙin mai da zafinsa yake fita."
Na durƙusa kan kwali, gwiwoyina na ƙorafi,
na lalubo abin tara shi a ƙarƙashin benci,
sai ga tukunyar miyar kifina
da na shekara shida ina cigiya.
Ashe ɓarawon da shi nake kwana.

"Cika tanki har wuya.
Inda aka bar fili, nan raɓa ke kwana,
inda raɓa ta kwana, tsatsa ke wayar gari."
Na daɗe tsaye gaban wannan layin.
Gidan nan ma akwai fili.

Batir: baƙar waya farko, ja daga baya.
Na rungumo shi, ya fi kamarsa nauyi,
na kai shi ciki inda sanyi ba ya isa,
gindin kujerar da ba a zama.

Ɗora ta kan ƙafar tsakiya ne ya gagare ni.
Na ja, na yi nishi, na zage ta, na ba ta haƙuri.
Iisa, 'yar maƙwabta, ta jingine kekenta ta leƙo,
hancinta ja wur:
"Ba da hannu ba ne. Ki taka kawai,
nauyinki zai yi aikin."
Na taka. Ta hau cak.
Shekarata sittin da takwas,
yau nauyina ya yi mini rana.

Muka ƙara wa tayoyi iska, muka sa musu katako,
ɗigon mai biyu a ramin fulogi.
"Toshe salansa da tsumma,
ɓera ba ya biyan haya."
Iisa ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ni na san dariyar nan, na gaji da ita tuntuni,
yau kuma ga ni ina nemanta.

"Ban da leda, gumi take sa ta. Tsohon zanin gado."
Na ɗauko mai shuɗin ratsi.
Na rufe madubi, na rufe fitila,
na soke gefe kamar yadda ake wa mai barci.
Mai barci, na ce. Ba ɗayan ba.

Can ƙasan ƙofar akwai jerin ranaku:
huɗu ga Mayu, ashirin da takwas ga Afrilu, sha ɗaya ga Mayu,
ranakun da yake tashinta.
Ƙarƙashin na ƙarshe, katako ne fari.

"Sayarwa za ki yi?" in ji Iisa.
Ni da ban taɓa sanin hanya ba sai ta kan kafaɗarsa,
hannuna cikin aljihun kwat ɗinsa.
Na ce: wane hannu ne na wuta?
Ta ce dama.

Waje ta fara sauka, fara-fara, ba ƙara.
Nan da wata biyu teku zai daskare a taka shi.
Na rataye makulli a ƙusa.
Ban rubuta komai ba.
Fensirin dai na fere shi, na mayar inda yake.