Tabon Kanti

Shagona taku huɗu ne a bakin Fagge,
warin dalma, gawar rediyo bisa gawar rediyo.
Ran Laraba Mujittafa ya shigo da dogon kwali,
ya rungume shi kamar jaririn da ba a raɗa wa suna ba.

Jita ce. Katako curi guda, ba rami, ba ciki,
fenti ruwan ƙwai ya koɗe inda damtse ke zama,
ƙarfen ya soma tsatsa, gefen ya ɓantare.
Na ce, "Wa ya rasu ya bar maka?"
Ya ce, "Sabuwa ce fil, Malam.
Haka ake ƙero su, da tsufansu.
Tabon ma kuɗinsa daban."

Baba Ɗanjummai na kan benci yana jiran sifikarsa,
shi da ya shekara sha ɗaya yana raba dare
a otal-otal ɗin Sabon Gari,
tun sule na sayen tuwo a ba ka canji.
Ya karɓa, ya auna nauyinta a tafi,
ya shinshina wuyan, ya bi ɓantaren da babban yatsa.
Ya ce, "Wannan tabo bai san zafi ba.
Tawa, inda ta koɗe, gumina ya cinye fentin.
Inda ta tsage, kwalba ce,
daren da aka kaure da faɗa a kan wata Nkiru.
Na sayar da ita shekarar da aka yi wa uwar yara aiki.
Ku yanzu har furfura saya kuke yi."

Mujittafa ya yi murmushin da bai kai ido ba.
"Baba, a sutudiyonmu piyano ɗaya
shi ne kalangu, shi ne sarewa, shi ne garaya.
Na gaji da kiɗan da ba ya yanka yatsa.
In ban gaji tsohuwa ba, laifina ne?"

Sallau mai gurmi ya leƙo da kofin shayi.
"Abin kiɗa ba ciki?
To ina za ta ajiye magana?
Nawa ƙoƙo ne da fata, ba ya jiran kowa.
Wannan 'yar gidan NEPA ce."

Na jona waya. Amfilifaya ya yi gyaran murya.
Yatsun Baba, da sanyin ƙashi ya tanƙware,
suka lalluba, suka yi tuntuɓe,
suka tuna hanya.
Sauti ya fito siriri kamar bakin aska,
ya yi kauri, ya lanƙwasa,
ya tsallaka kwata ya shiga titi.
Mai faci ya tsaya da tayarsa cikin ruwa.

Sai ɗif.
An ɗauke wuta.

Sallau ya buɗe baki zai ce ai na faɗa.
Baba bai daina ba.
Tsirkiya shida na raɗa
kamar sauro a ɗakin maƙwabci.
Ya ce, "Zo nan."
Ya kama ƙeyar Mujittafa,
ya kifa kunnensa a jikin katakon.
Yaron ya rufe ido.
Sallau ya dire kofi, ya durƙusa, ya kara nasa kunnen.
Ya daɗe, har shayin ya huce.
Ya ce, "Ashe tana da ciki.
Haɗiye shi ta yi."

Da Baba zai miƙa ta,
zoben azurfarsa ya karce bayanta,
layi ɗaya, fari, tsawon ashana.
Shagon ya yi tsit.
Na ce, "Ina da fenti, ko da bai dace sosai ba."
Mujittafa ya dubi layin, ya dubi tsohon.

Baba ya gyara hula.
Ya ce, "Wannan kyauta ne."
Ya juyo kaina: "Kai kuma, sifikar tawa fa?
Sati uku ke nan."