Yayyafi a Kan Gilashi

Ƙarfe uku na rana a Rijiyar Ɗorowa,
zafi ya kori ko ƙudaje daga bakin shago.
Junaidu mai kemis ya shigo da kwali a hammata,
ya ajiye a hankali, kamar mai sauke ƙwai.
"Yahuza, duba man wagga.
Yayana ya buɗe cikinta da hannunai
shekarar da munka koma Mabera,
ya ƙara mata waya don hoto shi fito tas."

Na busa kaset yadda muke yi muna yara,
na danna. Kiɗan ya tashi, ko furfura bai yi ba.
Amma hoton!
Layuka na rarrafe a karkace
kamar gara ta samu katangar laka,
sararin wasan ya cika da yayyafi,
ɗan mutumin yana tsalle cikin tsaki.

Mai gyara ba ya fara zargin 'yan gida,
baƙi yake fara tambaya.
Na sauya wayar talabijin. Yayyafi.
Na jona ta da tsohuwa mai ƙeya,
wadda nake ɗora buta a kanta. Yayyafi.
Na leƙa na roƙi Modi mai walda
ya kashe janareta, minti biyar don Allah.
Layin ya yi tsit, na koma kan batir,
garar nan ko a jikinta.

To, sai ciki.
Sukuru shida, ɗaya ba nata ba ne.
Gawar gizo-gizo, da warin shekara ashirin.
Kafasita biyu sun kumbura kamar ƙosai a mai,
ɗaya ta yi kuka, hawayen ya bushe kan allo.
Na cire, na dasa sababbi,
hayaƙin dalma yana yi mini kwalli.
Yayyafi ya ɗauke.
Layukan kuwa suna nan zaune
kamar mai bin bashi a zaure.

Aka kira la'asar. Muka je, muka dawo.

Da tabarau da tocila na bi sawun wayar,
shuɗiya, siririya,
ta ratsa ta kan ɗan ƙarfen nan
da ke ƙirga wa na'ura bugun zuciya,
tana kwasar gulmarsa tana kai wa gilashi.
Na ɗaga ta da tsinken sakace, hoto ya washe.
Na saki, ya ɓata rai.
Can ƙarshenta ga dalmar marigayi,
curi guda, mai kauri, babu kyan gani,
aikin wanda ya koya wa kansa a hasken fitilar ƙwai.

Na ce, "Sai na narkar da wannan."
Junaidu ya daɗe yana kallon curin.
Fanka ta juya sau nawa, ban ƙirga ba.
"Babu wata hanya?"

Akwai, sai dai ba ta cikin littafi.
Ya laluba aljihu, ya fito da katin maganin ciwon kai,
ya ɓalle ƙwayoyin a tafinsa,
ya miƙo mini farar fatar bayan.
Na yi wa wayar riga da salatif,
na yafa mata azurfar talaka,
na ɗaure gefenta da ƙasan allo,
na kautar da ita faɗin ɗan yatsa.
Curin ban taɓa shi ba.

Sama ta fito shuɗiya fes,
irin ta bayan ruwan farko a bakin Rima.
Saura layi ɗaya tak, can ƙasa,
yana numfashi, sai mai nema zai gan shi.
Na kai hannu ga ƙarfen dalma,
ya riƙe mini wuyan hannu.
"Bar shi nan."

Ya jawo benci, ya cire hula.
Madanni biyu na kwance kan tebur.
Ya ɗauki na farko, ya juya shi,
inda babban yatsa ya cinye fenti,
sai ya turo mini,
ya ɗauki na biyu.
"Ni kullum wanga nika riƙewa."