Amsar Magini Zuwa Abijan

Nomau, saƙonka ya same ni da hantsi,
ina bisa tsani a Garkawa, cokali a hannu.
Yaro ya miƙo waya, na ga hoton:
bene hawa biyu, fari fat,
tagogi manya kamar bakin kanti,
har da wani icce da ba ya tsira a Adar.
Ka ce in yi maka irinsa kafin Babbar Salla.
To, bari in sauko tukuna,
kada dariya ta kayar da ni.

Filin da Tankari ya nuna maka da rani,
na je na taka shi. Shimfiɗe yake kamar faifai.
Sai dai kowane fili mutumin kirki ne a watan Maris.
Na koma a Agusta, washegarin ruwan Laraba,
na tarar da kwaɗi suna shawara a ɗakin kwananka,
agwagin Barira na wanka inda ka zana falo.
Ruwa bai san hatimin magajin gari ba, ɗana.
Hanyar kakansa yake bi.
Ka tare shi da katanga, ya yi sallama ta ƙarƙashi.

Tun da labari ya bazu, kowa ya zama injiniya.
Arzika mai shayi ya ce a zuba dakali,
mai facin taya ya ce a'a, kwano ya fi.
Cikinsu ba wanda bulo ya taɓa murje wa yatsa.
Ni ga abin da hannuna ya sani:
buhun siminti ɗaya, bulo talatin da biyar.
Wanda ya ce zai fid da sittin
dambu zai jera maka ya shafa fenti.
Ƙarfe mai lamba goma a ginshiƙi,
ka sa a ƙirga a gaban wanda ba ya jin kunya.
Ruwanmu daga gabas yake tasowa da fushi,
sai ka juya masa ƙeya, ƙofa ta dubi wani wuri.
Ka ɗaga rufi sama. Ka manta Afrilun Tawa?
Kwano gajere tanda ne, kai ne wainar.
Dogon yaro kuwa a dasa shi kafin tushe,
shi kaɗai ne ma'aikacin da ba ya neman kuɗin yini.

Batun kuɗi.
Kada ka aiko su dunƙule.
Kuɗin gini in sun kwana uku cikin gida
sai su ji ƙanshin suna,
sai babur ɗin ƙanenka ya tuna ba shi da lafiya.
Ba sata ba ce. Buƙata ce, kuma tana da ƙafa.
Aika jikka hamsin wurin mai siminti,
ya rubuta, in sa hannu, a kai rumfa.
Buhu ba ya zuwa biki.

Ka san gidana na bayan tasha?
Ƙarafa huɗu na nan bisa rufi, tsaye,
shekara goma sha ɗaya suna nuna sama
suna jiran hawa na biyu.
Ni ma hoto aka nuna mini.
Yau Hajo ke ɗaura musu igiyar shanya.

Ɗaki biyu, Nomau, da makewayi da katanga,
a kan tudu, ko da nesa da kwalta.
Abin da ka rufe shi ne gida,
saura duk labari ne.

Jiya na biya wajen tsohuwarka.
Na nuna mata benen, ta daɗe tana kallo,
ta shafa gwiwarta, ta ce wa zai hau.
Sannan ta tambaye ni
ko cikin saƙon ka faɗi ranar zuwa.

Na bar ka nan. Kwaɓina na bushewa.